Garin da Yayana Ya Kwashe

Yayana maƙeri ne, amma ba irin mai dukan ƙarfe da guduma ba. Zubi yake yi. Yana narka alminiyam ya zuba a akwatin yashi, sai tukunya ta fito, ko ludayi, ko murfi. Ni ce ƙanwarsa, ni ce kuma nake zaune a shagon gaba ina sayar da abin da ya zuba tun da mijina ya rasu na dawo gida. Saboda haka in na ce na san mutumin nan, ba a bakin wani na ji ba.

Duk layinmu Tsantsa ake ce masa, har yaran da aka haifa jiya. Shi ya ja wa kansa sunan. Mai saye zai ɗauki tukunya ya ƙwanƙwasa, ya tambaya ko an haɗa da wani abu, sai ka ji muryar Yaya daga can cikin hayaƙi yana cewa tsantsa ne, in ka ga ƙwayar yashi ɗaya a ciki ka dawo ka jefe ni da ita. Ba a taɓa dawowa ba kuwa, ni shaida ce. Abin da ya ƙara fasa masa kai ke nan.

Yana ƙarami babanmu ya kai shi wurin wani tsoho mai zubi, mutumin da ba ya dariya. Ya daɗe yana juya ƙafar keke mai hura wuta kafin a bar shi ya taɓa ludayi. Tukunyar farko da ya zuba, yashi ya faɗa a ruwan, ta fito da ɗan huji kamar bakin allura. Tsohon bai doke shi ba. Cika ta ya yi da ruwa, ya ɗora masa a ka, ya tsayar da shi a ƙofar maƙera, mutane suna wucewa ruwa yana ɗiga masa a fuska har ta ƙare. Ina goye a lokacin, amma na ji labarin a bakinsa sau babu adadi, kullum kuma yana ba da shi ne kamar tsohon ya yi masa babbar kyauta.

Daga nan ya ɗauki dokokinsa guda biyu, ya riƙe su kamar ransa. In ƙarfe ya narke, a bar ruwan ya kwanta, mai nauyi ya sauka ƙasa, marar nauyi ya taso. Sannan a sa ludayi mai huji a kwashe duk dattin da ya taso, har fuskar ruwan ta yi fes kana ganin rufin kwano a ciki. Gindin kasko kuma ba ya zubawa a tukunyar kowa. In tukunya ta fito da tabo, guduma yake sa mata a gaban mai saye. Na sha yi masa tsiya a kan haka, in ce Yaya ka ba ni in dafa wa kaji ruwa mana, ya ce ko kaza ba za ta sha ruwa a kunyarsa ba. Mutum ne mai kirki, yana ciyar da kowa, amma wallahi ba a gaya masa magana a kan wuta.

'Ya'yansa maza duk sun gudu daga zafin murhu, wannan direba, wancan yana gyaran waya. Auta ce kawai ta tsaya. Uwarta ta rasu tana rarrafe, a hannuna ta tashi, amma rabin ƙuruciyarta a bakin ƙofar maƙera ta yi shi, tana kallon ruwan ƙarfe da ido waje. Da ta samu jami'a ta ce karatun ƙarafa za ta yi, Yaya ya daina kiranta Auta daga ranar, sai Injiniya. Ko aikenta zai yi sayo gishiri, sai ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, Injiniya zo in aike ki.

A shekararta ta ƙarshe aka ba ta aikin da sai ta gama shi ta rubuta kundi a kansa za a ba ta takardar shaida. Ta yi mana bayani muna zaune a shago. Akwai wani gari baƙi-baƙi mai ƙyalli, irin wanda ake yin dutsen wasa wuƙa da shi, mai taurin tsiya. In aka zuba shi a narkakken alminiyam ya bazu ko'ina, ƙarfen yana ƙara ƙarfi, ba ya saurin cinyewa, ga shi ba nauyi, har a yi kayan birki da na inji da shi. Aikinta shi ne ta zuba sanduna, wasu babu gari, wasu da kaɗan, wasu da ɗan yawa, wasu da yawa, a ja su a inji a ga ƙarfin kowanne, a yanka a duba cikinsu. Malamin da ke duba aikinta, wanda take kira Dokta, shi ya ba ta garin daga ɗan abin da ya samo daga waje, ya ce ta riƙe shi da kyau don babu wani. Yaya ya saurara har ƙarshe, ya ce to, wato yanzu a jami'a ana koya wa mutane zuba ƙasa a ƙarfe. Muka yi dariya, har da Auta.

Sai murhun makarantarsu ya lalace, ɗalibai suka yi cirko-cirko, ga jarrabawa ta kunno kai. Auta ta nemi izini wurin Dokta ta yi zubinta a maƙerar babanta, ya yarda. Ranar da ta zo da kayan, Yaya har wanka ya sake. Ta kawo ƙarfenta mai kyau daga makaranta, da garin ƙulle a leda uku, kowace an auna ta an rubuta mata lamba, da injin huda ƙarfe da ta ɗaura wa maburgi. Suka zuba sandunan da babu gari tare, suka fito sumul, uba da 'ya sai murmushi suke wa juna. Sauran kuma dole ta bar masa, don washegari za ta shiga jarrabawa.

Ina tsaye a bakin ƙofa ta yi masa bayani, ba sau ɗaya ba. A kwashe datti tun kafin a sa garin. A gasa garin a kasko ya yi zafi. A kunna maburgi har ruwan ya yi rami a tsakiya, a riƙa barbaɗa garin kaɗan-kaɗan a cikin ramin, a ci gaba da burgawa, a zuba nan take.

"Baba, don Allah kada ka bari ya kwanta," in ji ta. "In garin ya shiga, kada ka kwashe komai, ko yaya ka ga fuskarsa ta yi muni."

Ya ce mata to, Injiniya, an gama.

Abin da ya faru bayan ta tafi, daga baya ya faɗa mini da bakinsa. Ya yi komai yadda ta ce har zuwa barbaɗa garin. Sai ya ga fuskar ruwan ta dushe ta koma kamar toka, wani abu yana yawo a kai. Ya kashe maburgi ya tsaya yana kallo. Ya ce a ransa, yanzu wannan ƙazantar zan ba 'yata ta kai gaban manyan malamai, su tambaya wa ya zuba, ta ce babana? Ita yarinya ce, a littafi ta karanta, shi kuwa gashin kansa a bakin wuta ya yi fari. Sai ya bar ruwan ya kwanta. Garin da ya jiƙa ya nutse ƙasa, wanda bai jiƙa ba ya taso da datti, ya sa ludayinsa mai huji ya kwashe tas, ya zuba na sama, ya bar gindin kasko. Haka ya yi wa duk leda ukun. Ya zauna ya goge sandunan da hannunsa har suna ɗaukar ido, ya naɗe su a sabon ƙyalle.

Ni kuwa da ban san komai ba, sai da na nuna wa duk wadda ta shigo sayen tukunya. Na ce ku gani, aikin jami'a ne, a gidanmu aka zuba. Har yau in na tuna bakin da na yi, sai in ji kamar in rufe fuskata da gyale.

Bayan jarrabawa Auta ta kai su aka gwada. Ta dawo gida wata ranar da rana tsaka, ta gaishe da babanta a tsaye, ta shige ɗaki. Abinci ta ce ta ƙoshi. Na bar ta ta kwana, da safe na shiga na rufe ƙofa, na ce yau sai kin faɗa mini, ni na goya ki, ba za ki yi mini kumbure-kumbure a gida ba.

Da ƙyar na ciro maganar. Sandunan da ya kamata su fi ƙarfi su ne suka fi saurin karyewa. Biyu daga zubi ɗaya, wannan ya ɗan jure, wancan ya ɓalle tun inji bai yi nisa ba. Da aka yanka aka duba a na'ura, garin babu shi sai ɗan tsiraru, su ma a dunƙule. Dokta ya tambaye ta ina garinsa. An taɓa samun ɗalibin da ya karkatar da irin wannan kayan ya zuba toka a madadinsa, saboda haka ya ce in ba ta yi bayani ba zai miƙa ta ga kwamitin ladabtarwa, kuma wanda aka kama da ha'inci a aikin ƙarshe korarsa ake yi. Na ce to me kika ce masa? Ta ce ta ce masa kuskurenta ne, ba ta san yadda aka yi ba.

Na ce ba ki sani ba?

Ta ce, "Goggo, ina duba na'urar na gane. Na san hannun Baba. Amma ya zan tsaya a gaban mutane in ce babana ne?"

Ban tsaya neman gyale ba na faɗa maƙera. Tun da nake ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba, ya girme ni nesa, shi ya aurar da ni. Ran nan na ɗaga. Na tambaye shi ko ya kwashe, ya ce datti ya kwashe. Na ce garin yarinyar nan ka kwashe, an gaya maka ina tsaye, yanzu ga shi za a kore ta a ce ɓarauniya ce, ta kuma yi shiru ta ɗauka don kada a ji sunanka. Ya fara cewa ai su malaman ne ba su san zubi ba, ƙarfe mai kyau ba ya karyewa. Bai ƙarasa ba. Ya ajiye ludayi, ya zauna a kan akwatin yashi, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Wutar da ya hura ta cinye gawayinta ta mutu ba a zuba komai ba.

Washegari ya sa rigarsa mafi kyau ya ce in raka shi jami'a wurin Dokta. Auta ta yi kuka ta ce kada ya je, ya ce ba shawara ya nema ba. Dole ta biyo mu.

Ɗakin gwajin nasu dogo ne, farin fenti, sanyi kamar asibiti, ɗalibai sanye da fararen riguna suna ta kai da kawo. Yaya ya tsaya a ƙofa ya fara cire takalmi, sai da mai kula da injina ya ce a'a Baba, shigo da abinka. Wasu 'yan mata suka kalli juna. Mutumin da duk layinmu ke miƙe wa tsaye, na gan shi yana rakuɓe hannuwansa a baya don kada a ga tabon ƙuna. Kunya ta kama ni, haushi ya kama ni, ban san wanne ya fi ba.

Dokta ɗan siriri ne mai gilashi, ba zai wuce sa'ar babban ɗan Yaya ba. Ya karɓe mu da mutunci, ya ba mu kujeru. Yaya ya ƙi zama. Ya ce kafin ya yi magana yana so a nuna masa abin da aka gani a cikin sandunansa.

Aka kai shi gaban na'urar nan mai ƙara wa abu girma, irin wadda ake duba jini da ita, an haɗa ta da allon kwamfuta. Aka fara sa guntun aikin wani ɗalibi na bara. Sai ga fili fari, an watsa masa ɗige-ɗige baƙaƙe ko'ina, kowanne da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa. Dokta ya ce wannan shi ake nema. Ya ce kamar tsakuwa ce a cikin siminti. In ta bazu, siminti ya kama kowace ƙwaya, duk nauyin da aka ɗora sai su raba shi, tsaga ma in ta taso sai ta yi ta cin karo tana tsayawa. Yaya ya matsa kusa da allon, ya tambaya a hankali, wai wannan mai dattin ya fi nasa ƙarfi? Aka ce masa nesa ba kusa ba.

Sannan aka sa nasa. Fili fari fes, babu komai, sai da aka matsa gefe aka tarar da wani baƙin dunƙule, ƙwayoyi sun cunkushe a kan juna, ga ramuka a tsakaninsu. Dokta ya nuna da bakin biro. Ya ce a nan ƙarfe bai shiga tsakani ya riƙe su ba, saboda haka wurin rami ne kawai da aka cika da tsakuwa, da an ja sanda daga nan tsaga take farawa ta ratsa. Aka ɗauko karyayyen sandan aka ba shi, ya juya bakin karayar, ga baƙin tabon nan ana gani da ido. Wato wanda ya kwashe ya tafi da ƙarfin, wanda ya tsere wa ludayinsa kuma ya zama ciwo.

Yaya ya ajiye sandan a kan tebur. Ɗaliban duk sun bar abin da suke yi.

"Malam, yarinyar nan ba ta taɓa garinka ba," in ji shi. "Ni na zuba, ni na bari ya kwanta, ni na kwashe shi da hannuna na zubar. Na ɗauka na fi ta sani."

Auta tana bayana, ina jin numfashinta. Ni kuwa ƙasa nake kallo, na rasa inda zan sa idona.

Dokta ya cire gilashi ya goge. Ya ce maganar kwamiti ta wuce, ya kuma ba Auta haƙuri a gaban kowa. Amma gari babu, sai wata shekara in an samu. Hanya biyu ce. Ko ta jira baɗi ta sake daga farko, abokan karatunta su fita su bar ta. Ko kuma ta rubuta kundinta a kan waɗannan sandunan yadda suke, ta nuna yadda dunƙulewar gari da ramuka ke kashe ƙarfin ƙarfe, da hotuna da awo, aiki ne mai amfani kuma zai karɓa. Sai dai dole ta rubuta gaskiyar yadda aka yi zubin, don wanda zai karanta ya san abin da ya jawo.

Auta ta ce za ta jira baɗi. Ko numfashi ba ta ja ba ta faɗa.

Yaya ya juyo ya kalle ta, ya ce, "Za ki rubuta." Ta buɗe baki, ya ce, "Na ɓata miki gari, ba zan ɓata miki shekara ba."

Kwanakin da suka biyo baya ya ci gaba da zubinsa, don tukunya dai tana son a kwashe mata datti, wannan bai canza ba. Amma in mai saye ya ƙwanƙwasa ya tambaya, sai in ji shiru daga ciki, ni nake amsawa. Maganar ba ta iso layinmu ba, ban faɗa ba, Auta ba ta faɗa ba, amma shi yana tafiya kamar kowa ya ji. Na tausaya masa ƙwarai, ko da yake ban daina jin haushinsa ba.

Auta ta gama, ta ci da kyau. Ta kawo kundin gida da baƙin bango da rubutun zinariya, ta ce akwai irinsa a ɗakin karatu na jami'a, duk ɗalibin da zai yi wannan aikin sai ya duba shi. Da la'asar ne, muna zaune a shago. Yaya ya wanke hannu da sabulu kafin ya karɓa. Ba ya karanta boko, sai ya riƙa buɗawa a hankali har ya kai hotunan, ya gane baƙin dunƙulen nan nasa. Ya ɗora yatsa a kan rubutun da ke ƙarƙashi ya ce ta fassara masa.

Ta ce an rubuta cewa an ɗan samu matsala wajen zubi.

Ya bi layukan da yatsa har ƙarshe, ya ce rubutu mai tsawo haka ba zai zama 'yar wannan maganar ba, ta karanta masa yadda yake. Ta kalle ni, na kau da kai. Sai ta karanta. An rubuta cewa mai zubin ya dakatar da burgawa, ya bar ruwan ya kwanta, ya kwashe saman, wanda ya sa akasarin garin ya fita, sauran ya dunƙule, kuma wannan hoton misali ne na zubin da bai yi ba.

Ya gyaɗa kai, ya rufe kundin, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Daidai ne, Injiniya," in ji shi. "Abu ɗaya kika bari. Ba ki rubuta cewa an gaya masa ba."